Amsoshin Tambayoyinku: Talabijin ɗin Goron Sallah Bai Yi Mini Ba, Kuma Suruki Ne Ya Aiko

TAMBAYA

Ni magidanci ne a Belbeji, ina noma, ina kuma ɗan taɓa kasuwancin bisashe. A Sallar Layya da ta wuce, surukina, mijin ɗiyata ta fari, wanda yake tuƙi tsakanin Damagaram da Agadas, ya aiko mini da talabijin irin na bango a matsayin goron Sallah. A jikin kwalin an rubuta inci 32, an rubuta Smart, an rubuta 4K. Yara suka yi ta murna, maƙwabta suka shigo sa albarka. Da aka haɗa shi da dekodarmu sai jikina ya yi sanyi. Hoton dishi-dishi, fuskokin mutane sun baje, in ana ƙwallo ba ka iya bin ta da ido, murya kuma siririya, wanda ya zauna baya ba ya jin komai. Wani lokaci da dare sai ya mutu da kansa. Tsohon akwatina mai ƙaton baya, wanda na ba ƙanena, wallahi ya fi shi. Ga kokowar takobi tana zuwa, kuma a gidana ake taruwa kallo. Ina jin nauyin in yi magana, suruki ne. Ina kuma tsoron kada ɓacin raina ya zama butulci. Shin an cuce shi ne a kasuwa, ko haka duk masu araha suke? In yi shiru ko in faɗa?

Wani mai karatu daga Belbeji

AMSA

Malam, Allah ya ƙara zumunci, ya yi wa surukin naka albarka.

Zan fara da abin da ya fi ci maka rai. Ɓacin ran da ka ji ba butulci ba ne. Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya musanta, ko ya shiga gari yana kushe mai alherin. Kai kuwa ka sa rai ga abu, ka tara iyali da maƙwabta, abin bai zo yadda ka zata ba, kuma har yanzu damuwarka ita ce kada a ce an cuci yaron nan. Wanda yake wannan tunanin bai manta alheri ba. Sai dai akwai aiki gabanka kafin ka yanke wa akwatin hukunci, domin ƙorafe-ƙorafen da ka jero ba tushensu ɗaya ba. Wasu daga waya da saiti suke, za su gyaru yau ɗin nan. Wasu iyakar ƙarfin akwatin ke nan, sai haƙuri da dabara. Ɗaya daga ciki kuma, mutuwar da yake yi da kansa, zai iya zama aibi na gaske, kuma shi ne wanda shiru zai jawo wa surukinka asara.

Ka samu awon tela ka auna gilashin, daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, ban da baƙin robar da ta kewaye shi. Haka ake auna talabijin ko'ina a duniya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka mai inci 32 na gaskiya zai ba ka santimita 81. In ka ga 61, inci 24 aka saka a babban kwali. Wannan ha'inci yana faruwa, musamman a akwatunan da ake liƙa wa suna mai kama da Samsung ko LG ko Hisense, a sauya harafi ɗaya, ko ma a liƙa sunan sak alhali kamfanin bai san da zamansu ba. Ka duba takardar da ke manne a bayansa: lambar samfuri, lambar akwatin shi kaɗai, da yawan wutar da yake ci. In lambar da ke kwali ta saɓa da ta baya, ko babu lambar sam, to akwai abin dubawa.

Maganar 4K kuwa, kada ka sa ta a ranka. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera. Yawancin masu inci 32 suna da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da ɗan kai. Na sama da su suna da 1920 da 1080, kimanin miliyan 2. Cikakken 4K yana da 3840 da 2160, fiye da miliyan 8, kuma ko manyan kamfanoni da wuya su sa shi a talabijin mai inci 32, don idon da ke zaune nesa da mita biyu ko uku ba zai ga bambancin ba. Mai yiwuwa ƙwarai rubutun kwalin ado ne na jan mai saye. Ba daidai ba ne, amma ba shi ne ya sa hotonka ya yi hazo ba. Ko da na gaskiya ne, babu 4K ɗin da dekodarka za ta ba shi.

A nan ne nake son ka tsaya da ni, domin nan mafi yawan mutane suke zaluntar sabon akwati. Talabijin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka zuba masa shi yake nunawa. Da yawa daga tashoshin kyauta da muke kamawa ta farabol har yau a tsohon ma'auni suke aiko hotonsu, ɗigo 720 da 576, wato dubu 400 da ƴan kai. Sabon akwatinka yana da gurabe fiye da miliyan, sai ya ja wannan ɗan hoton ya shimfiɗa don ya cika fuska. Kamar a ce furar mutum biyu ce aka dama wa mutum biyar: kowa zai samu, amma ta yi ruwa. Tsohon akwatinka an ƙera shi ne daidai da wancan ma'auni, fuskarsa ta fi ƙanƙanta, kuma yadda yake zana hoto yana ɓoye ƙananan kurakurai. Shi ya sa idonka ya ce ya fi. A kan irin waɗannan tashoshi ba ka yi ƙarya ba, kuma ko mai tsada aka kawo maka, da ka ga wani abu na wannan hazon.

To amma ina da zato mai ƙarfi cewa wayar da ta haɗa tsohon akwatin da dekoda ita aka zare aka soka wa sabon: mai kai uku ɗin nan, rawaya da ja da fari. Rawayar ita kaɗai take ɗauke da hoto, kuma ba ta iya wuce tsohon ma'auni ko da tashar tana aiko mai kyau. Ka duba bayan dekodar, in akwai rami mai faɗi da aka rubuta HDMI, ka sayi wayarsa. Ba sai mai tsada ba, ta mita ɗaya da rabi ta isa. Bayan an haɗa, a shiga saitin dekodar a ɗaga ma'aunin hoton da take fitarwa zuwa 720 ko 1080, domin wasu suna zaune a 576 har sai an taɓa su. In dekodar tsohuwa ce da ba ta da wannan rami, to ita ce ta tsufa, kuma sabuwa mai HD ba ta kai kuɗin talabijin ba ko kusa. Kafin ka saya ma, ka duba bayan talabijin ɗin: in yana da wani kai mai zare da ake murɗa wayar farabol, an kuma rubuta S2 a jikin takardarsa, yana iya kama tauraron ɗan'adam da kansa ba tare da dekoda ba.

Fuskokin da ka ce sun baje, wannan saiti ne kawai. Tsohon hoto tsarinsa 4:3, sabuwar fuska 16:9, sai akwatin ya ja mutane ta gefe don kada a ga baƙi a hagu da dama. A daidaita dekodar da talabijin ɗin su yi magana ɗaya. Tashar da ta zo a 4:3 a bar ta da baƙin gefenta, ya fi a ga ɗan kokowa ya koma gajere mai faɗi.

Daga nan a ɗauki rimot a shiga wurin da aka rubuta Image. Akwatunan nan suna fitowa daga masana'anta da saitin shago, wanda aka yi don su yi ƙyalli a tsakiyar fitilun kanti: haske har ƙarshe, launi ya yi yawa, gefen kowane abu ya yi kaifi. A ɗaki da dare wannan yana gajiyar da ido, yana kuma fito da duk dattin hoton. In ka ga Magasin ka mai da shi Maison, in ka ga Dynamique ka mai da shi Standard ko Cinéma. Ka rage kaifin hoto sosai, ka sauke hasken fitilun baya zuwa rabi ko sama kaɗan. Wannan na ƙarshe ina roƙonka kada ka tsallake shi. A bayan gilashin akwai jerin ƙananan fitilu, kuma su ne suka fi saurin ƙonewa a akwatuna masu araha, saboda ana tura musu wuta har iyakarsu. Rage haskensu yana ƙara musu kwana, yana kuma rage cin batir.

Akwai gwaji ɗaya da zai raba gardama. A samu wani yaro mai waya ya zuba fim mai kyan hoto a kan kile, a soka shi a ramin USB na talabijin ɗin. In hoton ya fito tas, akwatin ya wanke kansa, matsalar tana tsakanin farabol da dekoda da waya. In kuma hoton yana daskarewa yana fashewa murabba'i-murabba'i a kan tashoshi kawai, farantin ne ya goce. Iskar farkon damina a yankinku na Damargu ba ta barin faranti inda aka ɗaure shi, sai a kira mai saiti ya duba ingancin sigina, ba ƙarfinta kaɗai ba, ya kuma ƙara ɗaure ƙafar.

Ba zan ce maka komai zai gyaru ba. Araha ba ta ado, kuma akwai inda aka rage kuɗi a ƙirar. Gilashi mai araha ba ya saurin sauya hoto, don haka ƙwallon da aka buga da ƙarfi za ta riƙa barin inuwa a bayanta. Wayar HDMI za ta rage abin, ba za ta kawar da shi ba. Kokowa ba ta kai ƙwallo gudu ba, a nan ba za ka sha wahala sosai ba. Wasu gilasan kuma in ka kalle su ta gefe sai launi ya koɗe. Tun da gidanka ake taruwa, kuma a tabarma ake zama, kada a kafa shi can sama kusa da rufi. A sauko da shi, a ɗan karkato fuskarsa ƙasa, a jera mutane a tsawo maimakon a baje su gefe da gefe.

Murya ma haka take. Tsohon akwati yana da ciki, lasifikarsa tana fuskantar mai kallo. Na bango ba shi da kauri, lasifikunsa ƙanana ne, suna kallon ƙasa ko bango. Wannan ba aibin naka kaɗai ba ne, har masu tsada ana saya musu lasifika daban. Dabarar mai sauƙi ce: wayar HDMI ta kai hoto, su kuma ja da farin da ka cire a mai da su aiki, a ɗauko murya daga bayan dekoda zuwa wata lasifika mai caji ko rediyon da ke da ramin shigar da sauti. Sai a kashe muryar talabijin ɗin don kada su yi karo. Da wannan, na ƙofar zaure ma zai ji mai sharhin Télé Sahel yana kiran sunan ɗan kokowa Issaka Issaka.

Smart ɗin da aka rubuta, in ma gaskiya ne, ma'anarsa akwai ƴar ƙaramar kwamfuta a ciki mai shiga intanet. A masu araha ƙwaƙwalwarta kaɗan ce, tana nauyi, kuma kallon YouTube na awa ɗaya da hoto mai kyau yana iya lashe kusan giga guda. Ga mai sayen intanet a waya, ko ta Airtel ko Moov ko Zamani, wannan ba hanyar kallon kullum ba ce. Ka ɗauke shi a matsayin gilashi mai nuna abin da dekoda da kile suka kawo. Arewa24 da tashoshin wa'azi da na ƙasa duk ta farabol ko dekodar biya suke zuwa, ba su buƙatar wancan ɓangaren.

Yanzu maganar mutuwa da kansa, wadda ita ce ta fi damuna. Ka lura da lokacin. In kullum bayan awa huɗu ne cif ba a taɓa rimot ba, wannan saiti ne na tattalin wuta da akwatuna da yawa suke zuwa da shi, ana kashe shi a cikin jerin saituna. In kuwa yana mutuwa ne daidai lokacin da ƙwan ɗaki ya dushe, ko firiji ya tashi, ko janareto ya canza murya, to wuta ce take faɗuwa. Ma'aunin wutar gida a Nijar bolt 220 ne. Takardar bayan akwatin za ta gaya maka abin da yake jurewa: mai 100 zuwa 240 yana da haƙuri, mai 220 zuwa 240 kaɗai ba shi da shi. Ko wanne ne, ka saya masa na'urar daidaita wuta, wadda masu shago suke kira regilater ko sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta a zare shi daga bango har sai ta dawo ta zauna. Dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta kashe kaya.

In da pano na hasken rana da batir kake kunna shi, lissafin daban ne, kuma a nan surukinka ya yi maka zaɓin da ya fi yadda kake gani. Mai inci 32 irin na yanzu yana cin wat 30 zuwa 50. Tsohon mai ƙaton baya yana iya cin ninkin haka. Batir mai lamba 100 a kan bolt 12 yana riƙe da abin da ya kai wat 1200 na awa ɗaya, amma in ana son ya yi kwana ba a shan fiye da rabinsa, saura 600. Talabijin mai cin 40 da dekoda mai cin 15 za su yi kimanin awa goma a kan wannan, in ba a haɗa su da wani kaya ba. Da ƙaton mai inci 55 aka kawo maka, da tun kafin a gama labarun dare ana neman fitila. Idan batirin ya tsufa, ko na mota ne aka ɗauko, ko wayar da ta taso daga gare shi siririya ce mai tsawo, ƙarfinsa zai faɗi da dare, na'urar juya wuta ta yanke, kai kuma ka ga kamar talabijin ne ya mutu. Wasu ƙananan akwatunan ma bolt 12 suke ci kai tsaye. In naka yana da adafta a waje da aka rubuta 12V, mai gyara zai iya haɗa shi da batir ba tare da na'urar juyawa ba, a tsira da wutar da take ɓatawa.

Wannan haɗi na talabijin da hasken rana ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1964 aka fara talabijin na makarantu a Nijar, tun kafin Télé Sahel ta fara aiki sosai a 1979, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare an fara gwada kunna akwatunan ajin da farantan hasken rana, abin da ƙasashe kaɗan suka riga mu yi. Zamanin ne Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, yake jagorantar binciken makamashin rana. Kuma wanda ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi, har zuwa Maris na 2024, ya san darajar kayan da ƙaramin batir zai iya ɗauka. A wurinmu, ƙarancin cin wuta yana cikin ingancin kaya.

Zafi da ƙura su ma suna da hannu. Yawancin takardun akwatunan nan suna cewa kada zafin wurin ya wuce digiri 35 ko 40, kai kuwa ka san abin da ɗakin kwano yake zama a Belbeji a watan Afrilu da Mayu. Akwatin da ya yi zafi yana iya kashe kansa. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, kada a kafa shi a bangon da rana take duka da yamma. Mata suna son lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, wannan daidai ne in yana kashe, amma a yaye gaba ɗaya kafin a kunna, har ramukan iskar da ke baya. Gilashin a share shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da ruwa da omo. In hadari ya taso, a zare wayar wuta da ta farabol duka biyu, domin tsawa ta kan bi ta faranti ta shigo.

To, idan an yi duk wannan, an kai shi gidan da wutarsa take zaune ko shagon mai gyara an kunna, ya sake mutuwa, aibi ne a allon wutarsa. Haka in akwai layi a tsaye da ba ya gushewa, ko wani ɓangare na fuskar ya fi duhu, ko murya tana fita babu hoto. Wannan na ƙarshe a haska tocila dab da gilashin: in ana ganin inuwar hoto, fitilun baya ne suka mutu, kuma masu gyara a Damagaram da Maraɗi suna sauya su. Amma sabon kaya bai kamata ya fara da zuwa wurin mai gyara ba. Kada ka bari kowa ya kwance shi tukuna, domin da zarar an buɗe bayansa mai shago ya sami hujjar ƙin karɓa.

A nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe take. In abin da ka samu hazo ne da ƙarancin murya, ka gyara abinka, kada surukinka ya ji komai sai godiya. In kuwa awo ya nuna an rage inci, ko sunan na jabu ne, ko yana mutuwa a kan lafiyayyar wuta, to ka sa a gaya masa, kuma da wuri. Kuɗinsa ne, guminsa ne na hanyar Agadas, kuma shi kaɗai ya san shagon. Malamanmu na Malikiyya sun ba mai saye haƙƙi in ya tarar da ɓoyayyen aibi da ya riga ciniki: ya mayar a ba shi kuɗinsa, in kuma kayan ya riga ya fita hannunsa ta hanyar kyauta, ya nemi bambancin farashin mai lafiya da mai aibi. Sun kuma ce wanda ya ga aibi ya yi shiru ba uzuri, ya ci gaba da amfani, ana ɗaukar ya yarda. A kasuwa ma haka abin yake ko ba a kawo littafi ba: garantin baki na mai shago kwanaki ne, kowane mako da ya wuce yana ƙara masa ƙarfin cewa wutarku ce ta ƙona shi. Kunyar da za ta hana a faɗa, mai shagon za ta amfana, ba yaron ba. Kuma ka tuna ranar da zai zo gaisuwa ya tarar da akwatin a lulluɓe a kan kabad, ko ya ji a bakin wani a tasha cewa abin da ya kai gidan surukai bai yi ba. Wannan ya fi ciwo nesa ba kusa ba.

Na san ba za ka ɗauki waya ka kira shi da wannan ba, kuma ban ce ka yi ba. Ɗiyar fari ce, kai da mahaifiyarta duk kuna jin nauyinta, kuma bai kyautu a sa ta tsakiyar mijinta da gidansu a kan kayan kallo ba. Amma al'ada ta bar ƙofa a buɗe: ƙanen mace abokin wasan mijinta ne. Cikin samarin gidanka ka zaɓi mai hankali, wanda dama shi yake riƙe da rimot, ya kira shi. Ya fara da saƙon godiyarka da addu'a, ya gaya masa yadda maƙwabta suka shigo sa albarka, domin gaskiya ce. Sannan ya ce, a matsayin maganarsa shi, akwatin yana ɗaukewa da dare, an gwada a wata wutar ma haka, ko akwai takardar saye a mayar a canzo tun da sauran lokaci. Kada a ce mai araha ne, kada a ce tsohon ya fi, kada a ambaci abin da surukin wane ya kawo. Laifin a bar shi inda yake, a kan kayan da wanda ya sayar.

Ina so kuma ka auna abin da ya kashe da ma'aunin lokacin. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, kayan da suke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ko su biyo ta Kano da Maraɗi, kuma kowane zagaye yana hawa kan farashi. Direban da ya sayi ragon layyarsa, ya ɗinka wa iyalinsa, sannan ya ware jikkunan da zai saya wa surukinsa talabijin, ya yi abin da da yawa ba su yi ba. Wataƙila shi ma rubutun kwalin ya karanta ya ji daɗi, yana ganin ya kawo maka na gani na faɗa. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta yana kuma saka wa mai ita. Mu ma mun ce yaba kyauta tukuici. Kai da kake Damargu ba ka rasa abin da gidan birni yake marmari ba: in kaka ta yi, buhun gero, ɗan wake, cuku da man shanu, a aika wa ɗiyarka da sunan gidan. Wannan ka yi shi ko akwatin ya gyaru ko bai gyaru ba.

Kada ka karɓo tsohon daga wurin ƙanenka, kyauta ce kai ma ka yi. Kada kuma ka sayar da sabon a ɓoye ka cika kuɗi ka sayi wani, irin wannan labari ba ya kwana a gari.

In ta kama a mayar da shi, a nemo kwalinsa da farin soson da ya zo da shi, da rimot da ƙafafu da duk wayoyinsa, domin rashin ɗaya yana iya zama dalilin ƙi. A ɗauki hoton takardar bayansa da waya kafin ya bar gida. A mota a tsayar da shi tsaye tsakanin kaya masu laushi, ba a kwantar da shi a ɗora buhu a kai ba, domin gilashin da ya tsage a hanya babu mai karɓarsa. Wanda za a canzo kuma a kunna shi a shagon, a auna shi da awon tela, a soka masa kile a ga hoto, a bar shi yana aiki ko da rabin awa ne, sannan a sa mai shago ya rubuta lambar akwatin da kwanan wata da tsawon garanti a kan takardar saye.